Takruni a Filin Arfa

Ko fita daga filin jirgin Jidda ba mu yi ba, wani mutum mai jan mayafi a ka ya bi mu ɗaya bayan ɗaya yana karɓar fasfo yana zubawa a leda. Ya ce za a yi mana iƙama ne, wato katin zama. Shekara biyu da wata uku ban sake taɓa fasfon nan da hannuna ba.

Kafin na zo, malamin firamare ne ni a Malumfashi, Turanci nake koyarwa. Dillalin da ya shirya mini tafiyar a Kano ya rantse mini cewa wani otal ne a Makka yake neman tafinta. Washegarin isowarmu aka miƙo mini shuɗiyar riga da wando da tsintsiya mai dogon hannu. Na nemi mudir, shugaban aikinmu, na buɗe masa takardun karatuna. Ko kallon su bai yi ba.

"Yalla, ya takruni! Shara!"

Da muka koma masauki na tambayi wani ɗan Maraɗi da muke ɗaki ɗaya ma'anar kalmar. Ya yi dariya yana cire takalmi.

"Mu ke nan. Duk baƙin mutum da ya fito daga wajenmu. Shi ne ka ji a gida ana cewa takari. Za ka saba, malam. Ni shekarata shida, mudir bai san sunana ba."

Sunana Sanusi. Na saba ɗin kuwa, har ya zama in an ce takruni a kan titi sai na waiga.

Da zan taho, mahaifiyata, Inna Hajo, ba ta ce in kawo mata zamzam ko dabino ba. Abu ɗaya ta roƙe ni, in nemo mata ƙaninta Mamman. Ya zo Umara tun kafin a haife ni, bai koma ba, bai aiko ba. Abin da ta sani kawai, wani alhaji ya taɓa cewa ya gan shi a unguwar Zahir, kuma yana da tabo a girar hagu, inda jaki ya harbe shi yana yaro.

Ranar Juma'a kaɗai muke samun rabin yini. Na yi Juma'a bakwai ina yawo a kasuwannin Zahir, ina tambayar matan da ke sayar da yaji da daddawa da kuka a bakin hanya. Wasu su amsa da Hausa, wasu su kalli shuɗiyar rigata su amsa da Larabci. A ta takwas wata tsohuwa mai fura ta ce, "Mai tabo a gira? Ai Mamman tela ne, a nan Ammi Muhammad ake ce masa. Bi lungun nan, ƙofa ta huɗu."

Shagon bai fi ɗakin ajiya ba. Wani dattijo siriri yana zaune a bayan keken ɗinki yana kalmasa bakin jallabiya. Na yi sallama. Ya amsa bai ɗago ba.

"Daga ina?"

"Daga Malumfashi, baba."

Keken ya tsaya. Ya ɗago, na ga tabon.

"Ɗan gidan wa?"

"Ɗan Hajo ne ni, 'yar Malam Audu maƙeri."

Sai ya cire tabarau ya ajiye a kan keken a hankali.

"Yaya Hajo tana da rai?"

"Tana nan, Kawu. Ita ta aiko ni."

Ya rufe fuskarsa da jallabiyar mutane da yake ɗinkawa, kafaɗunsa suna rawa. Ni kuwa ina tsaye a bakin ƙofa na rasa inda zan sa hannuna.

Daga ranar, Juma'ata ta zama ta gidan Kawu. Matarsa haifaffiyar Makka ce, jikar wasu alhazan Kano da suka zo a ƙafa, ta rasu da daɗewa. Yana zaune ne tare da 'yarsa tilo, Hanan, da mijinta da yaransu uku. Hanan tana jin Hausa amma ba ta iya mayarwa sosai, sai ta haɗa kalma biyu ta ƙarasa da Larabci. Takan ajiye mini shinkafa da kaza ta ce, "Ci, ci, ya Sanusi, kai rame marra," wato na rame sosai. Yaranta kuwa ko "sannu" ba su sani ba. Suna kirana Najeri. A makaranta kuma, in ji uwarsu, su ake kira takarna, jam'in takruni.

Kawu ba shi da takarda ko ɗaya. Shekara arba'in da ɗaya yana zaune tsakanin gida da shago da masallacin lungu. In ya ji an ce jami'an jawazat, masu binciken takardun zama, sun shigo unguwa, sai ya ja ƙofar shago ya zauna a ciki har su wuce.

Abu ɗaya ya gagara. Duk lokacin da na ciro waya na ce, "Kawu, bari in kira Inna ku gaisa," sai ya ɗaga hannu.

"Ba yau ba, ɗan nan."

Inna ta san na same shi. Ranar da na gaya mata ta yi guɗa har na janye wayar daga kunne. Bayan nan kullum tambayarta, "Yana kusa?" Ni kuma kullum ƙarya: ya fita, yana masallaci, yana barci. Da na gaji na tsare shi a shago na ce ya gaya mini dalili.

"Da zan taho," in ji shi, "na ce wa gyatumarmu wata biyu zan yi, kuma baɗi zan dawo in ɗauke ta ta ga Ka'aba. Sai na ga in na fita ba zan samu sake shigowa ba. Na ce bari baɗi. Baɗi ta zo na ce bari wata. Aka aiko mini ba ta da lafiya, ban je ba. Aka aiko ta rasu, ban je ba. Yaya Hajo ce ta yi jinyarta ita kaɗai. To in na ɗauki wayar nan, me zan fara cewa?"

"Ka ce salamu alaikum, Kawu."

Ya yi murmushi ya ci gaba da taka keke. Ya ce burinsa ɗaya ya rage a duniya, ya mutu a garin nan a yi masa salla a Harami, a kai shi kusa da matarsa.

Da aikin Hajji ya zo, aka kwashe mu zuwa Arfa. Saboda ina jin Turanci aka sa ni a shemomin alhazan Turai. Mudir ya karɓe wayoyinmu tun a mota, wai kada mu shagala. Kwana huɗu ban ji muryar kowa daga gida ba.

Ranar tsayuwar Arfa bayan azahar, rana kamar za ta narkar da kwalta, ina jan buhun shara sai gindinsa ya fashe. Robobin ruwa da ɓawon lemo suka watse a ƙofar shema. Mudir ya taso yana ihu a gaban mutane.

"Ya takruni! Makaho ne kai?"

Na durƙusa ina tsincewa. Sai na ga wani farin hannu mai jijiyoyi yana tsincewa tare da ni. Wani tsohon Bature ne cikin harami, fuskarsa ta yi ja saboda zafi. Mudir ya ruɗe ya hau roƙonsa ya bari, "La, ya hajj, la!" Tsohon bai kula shi ba sai da muka gama. Sannan ya koma kujerarsa a inuwar shema ya nuna mini ƙasa kusa da shi. Mudir ba ya iya musa wa alhaji, ya yi gaba yana ƙunƙuni.

Da ya ji ina Turanci ya yi murna. Ya ce tun da ya musulunta sunansa Yusuf. Daga Ayalan yake, wani tsibiri a yammacin Ingila, kuma ya ƙare rayuwarsa yana koyar da tsofaffin harsunan mutanen can, waɗanda ake kira Keltawa.

"Kalmar da mutumin nan ya kira ka da ita, zagi ce?"

Na ce asalinta ba zagi ba ce. Na ji an ce sunan wata tsohuwar daula ce a can yammacin Afirka, da alhazanta suka saba zuwa nan, sai sunan ya rufe mu duka. Amma ya danganta da bakin da ta fito.

Ya gyaɗa kai. "Mu ma haka muka yi. Kakanninmu suna da kalma, *gall*. Da farko sunan wasu mutane ne na tsallaken teku, daga baya ta zama sunan duk wani bare. Da mahara suka zo daga arewa cikin jiragen ruwa, sai muka raba su, waɗannan *gall* farare, waɗancan *gall* baƙaƙe. Ban san wata al'umma da ba ta yi wa bare suna ba, ɗana."

Ya kurɓi ruwa, ya miƙo mini robar. Ya ce a tsohuwar shari'arsu baƙi hawa-hawa ne. Akwai *deorad*, mutumin da ya bar ƙasar ubansa ya shiga ta wasu, ba gona, ba dangi, in an cuce shi ba mai tsaya masa. Akwai wanda ya zo daga ƙetare ya auri 'yar gari, shi suna ce masa *cú glas*, kare mai ruwan toka, darajarsa tana rataye da ta matarsa. Akwai kuma wanda suke kira "jifan teku", wanda igiyar ruwa ta yar a gaɓa ba shi da komai, sai wanda ya tsince shi ya zama ubangidansa.

Na ce, "Wannan na ƙarshen ai ni ne, Malam Yusuf. Sai dai ni jirgin sama ne ya jefo ni."

Ya yi dariya har ya yi tari. Sannan ya ce akwai na huɗu, shi ne ya fi so: baƙon Allah, wanda ya bar gida da gangan saboda Ubangiji. Shi wannan girmansa ya kai na sarki.

"Yau a filin nan kowa shi ne," ya ce. "Gobe kuma a koma wa sauran sunayen."

Ya tambaye ni ko ina da iyali. Na gaya masa labarin Inna da wayar da aka karɓe. Sai ya laluba jakar ɗamararsa ya ciro tasa ya sa mini a hannu.

Na buga gida, ƙanwata Rabi ce ta ɗauka.

"Yaya, ina ka shiga? Tun shekaranjiya muke nemanka. Inna ta faɗi a bakin murhu. Ɓarin jikinta ya mutu, bakinta ya karkace."

"Tana magana?"

"Ba a ganewa. Sai dai sunanka da na Kawu Mamman."

Na mayar masa da wayarsa. Mutane dubu-dubu kewaye da mu suna kuka suna roƙon Allah, don haka ba wanda ya lura da kukan mai shara. Malam Yusuf ya sauko daga kujera da ƙyar ya zauna a ƙasa, ya tambayi sunan mahaifiyata, ya ɗaga hannu yana addu'a da Larabcinsa mai karyewa, yana ta maimaita "Hajo, Hajo." Da rana ta kusa faɗuwa motarsu ta zo. Ban sake ganinsa ba.

Washegari da hantsi muna Muzdalifa, alhazai sun wuce Mina sun bar mana fili cike da tabarmi da silifa marasa 'yan'uwa. Na ajiye tsintsiya na sami mudir a cikin motarsa. Na ce uwata ce a kwance, ya taimake ni da fasfona da izinin fita, ko na sati biyu ne.

"Bayan mausim."

Mausim, wato lokacin aikin Hajji, ya wuce. Na koma.

"Bukra."

Na koma goben. Ya ce kafil, mai kamfanin da ya ɗauko mu, ya yi tafiya. Na koma bayan sati. A nan ya gaji da ni, ya buɗe aljihun tebur ya nuna mini takardar da na sa wa hannu a Kano, da Larabci, wadda ban karanta ba.

"Saura wata goma sha ɗaya. Kowane takruni uwarsa ba ta da lafiya. In na sake ka, gobe mutum hamsin za su zo."

Ɗan Maraɗi ya ce in gudu in miƙa kaina. Amma wanda ya gudu daga kafil akan rubuta masa laifi, yana iya daɗewa a tsare kafin a warware, kuma ga Rabi da maganin Inna duk a kan ɗan abin da nake aikawa. Na rasa ta yi.

Juma'ar da ta biyo na je shagon Kawu na zauna a kan tarin yadi. Na gaya masa komai. Don in rage nauyin maganar, na ba shi labarin Baturen Arfa da sunayen baƙinsu. Ya saurara da kyau, allura a bakinsa.

"Kare mai ruwan toka," ya ce. "Wanda ya rataye a wuyan matarsa. To matar ma ta tafi." Ya cire allurar. "Da na zo, na ɗauka ni ne na huɗun nan. Na daɗe ina gaya wa kaina haka. Amma wanda ya bar gida don Allah ai ba ya ɓuya in an ce uwarsa na kira."

Ya miƙo hannu. "Kira mini Rabi."

Rabi ta kara wa Inna wayar a kunne. Kawu ya ce, "Yaya Hajo." Daga can muka ji wani sauti mai nauyi, kamar na mai magana da ruwa a baki. Ta yi ta ƙoƙari. Kalma ɗaya ta fito sarai.

"Zo."

Ya ce, "To, Yaya."

Na ɗauka lallashi ne irin wanda ake yi wa mara lafiya. Ranar Litinin Hanan ta kira ni tana kuka, Larabci da Hausa suna karo a bakinta. Na roƙi wani ya riƙe mini aiki na ruga Zahir. Na tarar Kawu ya gama ɗinkin mutane duka ya jera su da sunayen masu su, ya lulluɓe keke da zane. Ya sa farar jallabiya, ga ƙaramar jaka a gefensa. Zai je ya miƙa kansa ga jawazat su mayar da shi Najeriya.

"Abuya, in ka fita ba dawowa!" in ji Hanan. "Za su ɗauki zanen yatsunka. Khalas, shi ke nan! Yarana fa? Kabarin Ummi fa?"

Mijinta ya yi magana, maƙwabta suka yi. Ni ma na ce, "Kawu, sallar Harami fa da kake buri?"

"Allahn Harami shi ne na Malumfashi," ya ce. "Kai an ɗaure ka, ba za ka iya zuwa ba. Ni kuwa ba wanda ya ɗaure ni sai ni. Sau ɗaya aka kira ni ban je ba. Ba zan yi biyu ba."

Ya ɗauki jikokinsa ɗaya-ɗaya ya sumbaci kawunansu. Ƙaramar tana tambaya ko Jaddi, wato kakanta, zai kawo mata alawa. Ya hana kowa raka shi sai ni, ni ma a bakin titi ya tsayar da ni, don kada a tambaye ni abin da ya fito da ni lokacin aiki. Na tsaya ina kallon bayansa. Tafiyarsa irin ta Inna ce, yana ɗan jan ƙafar dama. Ban taɓa lura ba sai ranar.

Ya yi kwana ashirin da shida a gidan tarhil, inda ake tara waɗanda za a mayar, kafin a yi masa takardar tafiya. Kullum da safe ina kiran Rabi da fargaba, kullum tana cewa, "Tana nan. Idonta na kan ƙofa."

Ya sauka Kano ba wanda ya sani a garin. Rabi ta ce da mota ta ajiye shi a Malumfashi bai gane hanyar gidansu ba, maƙerar ubansu ta zama shagon cajin waya. Yara suka biyo shi suna "Ga Balarabe! Ga ɗan takari!" saboda jallabiyarsa da yadda Larabci yake suɓuce masa. Da ya shiga ɗakin, Inna ta ɗaga hannunta mai motsi ta shafa girarsa ta hagu, ta riƙe kunnensa ta ja, kamar yadda ake yi wa yaron da ya daɗe a wajen wasa.

Kwana tara suka yi tare. Shi yake ba ta kunu da cokali, shi yake juya ta. Rana ta goma da safe ina goge tayal a ƙofar wani otal wayata ta yi ƙara. Kawu ne.

"Sanusi, sai haƙuri. Yaya ta cika bayan asuba, kanta a cinyata. Ni zan sa ta a kabari. Na tsaya maka, ka ji?"

Na ce na ji. Na mayar da wayar aljihu. Sannan na ƙarasa goge tayal ɗin, domin mudir yana tsaye a can gefe.

Ranar Juma'a na je Zahir. Shagon a rufe. Hanan ta shimfiɗa mini darduma a falo, ta kawo shayi, ta zauna nesa kaɗan tana murza waya a hannu. Tun da ubanta ya tafi sau biyu kawai suka yi magana, duk biyun faɗa suka ƙare da shi.

"Ya Sanusi," ta ce, "a Hausa, in mutum ya mutu, ana ce me? Ba na so in ce masa da Arabi."

Na ce, "Ki ce: Baba, ya haƙuri? Allah ya jiƙan Gwaggo."

Ta maimaita. Ƙa ɗin ya ƙi fita, tana cewa "hakuri", tana cewa "jikan". Na gyara mata, ta sake, ta sake, har sau bakwai ko takwas, hawaye na zuba tana sharewa da bakin mayafi. Sannan ta danna lambar Rabi ta sa a lasifika. Muka ji kukan akuya da muryoyin mata masu zaman makoki, aka ce, "Kawu, daga Makka ne."

"Na'am?"

"Baba," in ji Hanan. "Ya haƙuri? Allah ya jiƙan Gwaggo."

Sai muryarsa ta zo, ƙasa-ƙasa.

"Haƙuri da godiya, 'yata. Sake faɗa in ji."